Sabon katin girafik da baƙin allo: yadda muka gano inda laifin yake

Kwamfutar tebur ce ta wani matashi mai aikin tace bidiyo a Kano, yawanci na biki da suna da walimar saukar karatu, wani lokaci kuma tallan 'yan kasuwa. Ba ta kamfani ba ce, haɗa masa ita aka yi: furosesa Intel Core i5-12400F, madabod (babban allon da ake haɗa dukkan kayan a kansa) mai B660, RAM guda biyu kowanne 8GB, SSD, da fawa fak (akwatin da ke raba wa kayan wuta) da aka rubuta wa 450W a jiki. Ya daɗe yana lallaɓawa da wani ƙaramin katin girafik mai 2GB, irin wanda ba ya buƙatar wayar wuta ta daban. Da masu biki suka fara cewa 4K suke so, ƙaramin katin ya gaza, bidiyo na tafiya yana sarƙewa, fitar da aiki ɗaya kuma sai ya cinye masa dare. Ya tara kuɗi ya sayi sabon kati mai 12GB, a cikin kwalinsa, da ledarsa ba a farke ba. Ya cire tsohon, ya saka sabon, ya kunna. Fankoki suka juya, fitilar jikin katin ta kama, monita ta rubuta No Signal, ta yi baƙi.

Kafin ya iso shagonmu na gyaran kwamfuta ya riga ya sha shawarwari. Wani ya ce masa Windows ce ta lalace, ya mayar da tsohon katin ya yi fomat, ya sake saka Windows 11 daga farko, kuma saura ƙiris aikin bikin wasu mutane ya tafi tare da ita. Wani ya ce monitar ce ba ta iya ɗaukar katin. Wani kuma ya ce ya kawo a gasa katin da bulowa, zai tashi. Allah ya sa wannan ta ƙarshen bai bi ba.

Abin da muka fara tambaya

Tambaya ɗaya ce ke raba irin wannan matsala gida biyu: da ka kunna, kana ganin tambarin madabod kafin allon ya ɗauke, ko kuwa tun farko babu komai? Idan tambarin na fitowa, sai an zo shiga Windows allon ke mutuwa, to a nan ake zargin direban katin, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, ko saitin Windows. Idan kuwa ko tambarin ba ya fitowa, Windows ba ta ma farka ba tukuna, balle direban da ke cikinta. A daƙiƙun farko madabod ne ke gwada kayan da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya, furosesa, RAM, katin girafik, sannan ya nemi inda zai tayar da Windows. Hoton da kake gani a lokacin, wata 'yar manhaja ce da ke zaune a cikin katin kansa ke fitar da shi.

Ya ce: "Oga, wallahi ko ɗigo ban taɓa gani ba. Baƙi ƙirin tun daga farko."

Da wannan amsar kaɗai, fomat ɗin da ya yi ya tashi a wahalar banza. Ina jin takaicin yadda fomat ya zama maganin kowace cuta a bakin wasu masu gyara. Mutum na da aikin jama'a a cikin na'ura, hotunan ranar da ba za ta maimaitu ba, a ce masa ya goge komai ba tare da an tambaye shi a wane mataki allon ke ɗaukewa ba.

Muka kunna ta a gabansa yadda ya kawo ta. Madabod ɗin na da ƙananan fitilu huɗu a gefe kusa da ramukan RAM, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT. Ta farko ta kama ta mutu, ta biyu ta kama ta mutu, ta VGA ta kama ta tsaya. Muka maƙala 'yar sifika a madabod ɗin, domin yawancin akwatunan yanzu ba sa zuwa da ita, muka sake kunnawa: ƙara ɗaya doguwa, uku gajeru. A wasu madabod, kamar na ASUS, wannan kukan na nufin an nemi hoto ba a samu ba. Bayan ɗan lokaci fitilar Num Lock ta kibod ta fara amsawa idan an danna, alamar cewa kwamfutar ta wuce ta shiga Windows a makance. Furosesa na aiki, RAM na aiki, SSD na aiki, hoto ne kawai babu.

Sai dai fitilar VGA ba hukunci ba ce a kan katin. Tana cewa ne kawai matsalar na kan hanyar hoto, kuma hanyar tana da tsawo: monita, waya, bakin da aka soka wayar, katin, ramin da katin ke zaune, wutar da ke ciyar da shi, da saitin BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta kafin Windows. Wasu madabod ɗin ma kan bar wannan fitila a kunne don kawai ba su ji monita a haɗe ba. Saboda haka muka faro daga masu sauƙi.

Waya, monita da zaman kati

Kuskuren da aka fi yi shi ne soka wayar monita a bakin HDMI na madabod, can sama, maimakon na katin da ke ƙasa. A wannan kwamfutar hakan ba zai taɓa ba da hoto ba, domin harafin F da ke ƙarshen sunan furosesar Intel na nufin ba ta da girafik a cikinta, bakin madabod ɗin ado ne kawai. Shi dai a katin ya soka, daidai. Katin na da baki huɗu, HDMI ɗaya da DisplayPort uku. Muka bi su duka da wayoyinmu da muka san lafiyarsu ƙalau, a monitarsa da tamu, muna zaɓar mashigar da hannu a maɓallan monitar don kada mu dogara da ita ta gano da kanta. Babu na'urar juya HDMI zuwa VGA a tsakani, wadda ita ma takan jawo irin wannan a wurin masu tsofaffin monita, tunda katunan yanzu sun daina fitar da siginar VGA. Shiru.

Muka kashe, muka zare wayar wuta daga bango, muka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Lokacin hunturu ne, iska a bushe, irin lokacin da za ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka, don haka kowa ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya kai hannu ciki. Da muka cire katin muka haska ramin PCIe, wato ramin madabod da katin ke zama, da tocila, akwai jar ƙura kwance a ciki, a ɓangaren da ƙaramin katin bai taɓa rufewa sosai ba. Muka hure ta, muka goge haƙoran zinaren katin da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, muka mayar da shi har maƙallin ƙarshen ramin ya yi ƙas. Wannan ƙarar tana da muhimmanci. Dogon kati mai nauyi yakan shiga ta gaba ya bar bayansa a ɗage kaɗan, ido ba zai gani ba, musamman idan ƙarfen bayan akwatin ya ɗan karkace ya hana shi sauka. Don kawar da wannan zargi gaba ɗaya, muka fito da madabod ɗin daga akwati muka ɗora shi a kan kwalinsa, RAM ɗaya, kati, furosesa, babu komai bayan haka. Fitilar VGA ta sake tsayawa.

Laifin da muka samu wanda ba shi ne laifin ba

A nan ne lamarin ya ɗauki hankali. Ramin PCIe na ba kati wuta har wat 75, abin da ya wuce haka sai ta waya daga fawa fak: mai fin shida tana ƙara wat 75, mai fin takwas tana ƙara 150. Wannan katin na cin kusan wat 170 idan aiki ya yi zafi, yana da baki ɗaya mai fin takwas, kuma a kwalinsa an rubuta a haɗa shi da fawa fak mai 550W ko sama. Fawa fak ɗin mutumin ba shi da wayar fin takwas ta kati kwata-kwata. Abin da aka ba shi a kasuwa wata 'yar jona ce da ke karɓar wuta daga bakin Molex guda biyu, irin na tsofaffin ma'ajiyar bayanai (hard disk), ta mayar da su fin takwas, wayoyinta sirara, kuma duka bakin biyun a kan igiya ɗaya ya jona su.

Muka karanta takardar jikin fawa fak ɗin. Manyan baƙaƙe sun ce 450W, amma a layin 12V an rubuta amfiya 24. Ka ninka 12 sau 24, wat 288 ke nan, kuma daga wannan layin ne kati da furosesa ke sha. Furosesar kan kai wat 117 idan ta buɗe wuta, katin 170, jimla 287, ba a ma lissafa fankoki da madabod ba. Ko da katin lafiya yake, wannan haɗin ba zai kai shi ko'ina ba.

Yaron shagonmu ya yi murmushi ya ce: "Oga, ai an gama. Fawa fak ne."

Na ce masa ya dakata. Lissafin gaskiya ne, amma bai dace da alamar da ke gabanmu ba. Kati ba ya jan wat 170 a lokacin da ake kunna kwamfuta, kaɗan yake sha don ya nuna tambari. Fawa fak mai rauni yakan bari a shiga Windows lafiya, sai an fara fitar da bidiyo ko an buɗe wasa mai nauyi kwamfutar ta ɗauke ɗif ko ta sake tashi da kanta. Baƙin allo tun daga daƙiƙar farko yakan faru ne idan wutar ba ta isa bakin katin sam. Muka sa mita a bakin jonar kwamfutar na kunne, ta nuna 11.9. Ƙa'idar ATX, wadda fawa fak na kwamfutar tebur ke bi, ta yarda layin 12V ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100, wato daga 11.4 zuwa 12.6. Wuta na isa.

Wannan shi ne wurin da na fi ganin masu gyara na tuntuɓe, kuma ba don rashin sani ba. Ka sami laifi na gaske, mai hujja, wanda za ka iya nuna wa mai kaya da yatsa, sai zuciya ta ce a tsaya nan. Da mun tsaya, da mun tura shi ya sayi sabon fawa fak da ragowar kuɗinsa, ya koma gida ya tarar da baƙin allonsa na jiransa, lokaci kuma na ta tafiya bai koma wa mai shago da katin ba. Gano wani laifi daban, gano laifin da ya kawo mutum wurinka daban, kuma hanyar bambance su ita ce ka gyara wanda ka samu ka ga ko alamar ta tafi.

Muka kawo fawa fak ɗinmu na gwaji mai 650W, mai wayar kati ta asali, wadda kanta ke rabuwa shida da biyu. Abu biyu muke kula da su a nan. Wayar furosesa ma fin takwas ce, amma tana rabuwa huɗu da huɗu, kuma jerin wutarta ya saɓa da na kati, wanda ya tura ta da ƙarfi a bakin kati zai iya ƙona shi. Sannan fawa fak masu wayoyin cirewa ba a yi musu aron waya daga wani, ko da bakin ya shiga, domin kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Muka haɗa komai daidai, muka kunna. Doguwa ɗaya, gajeru uku, fitilar VGA a tsaye. Murmushin yaron ya koma ciki, amma ya koyi abin da ya fi wanda zan faɗa masa da baki.

Saitin BIOS

Saura madabod. Muka mayar da tsohon ƙaramin katin, hoto ya fito nan take, wanda ya nuna ramin na aiki aƙalla da kati mara nauyi. Da shi muka shiga BIOS. Muka mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani, har muka cire batirin CR2032 na ɗan lokaci. Muka tabbatar an zaɓi ramin PCIe a matsayin mafarin hoto. Muka sauke gudun ramin daga Auto zuwa Gen 3, saboda akwai lokutan da kati da madabod ke kasa daidaitawa a gudun Gen 4, musamman idan akwai wayar tsawaita rami a tsakani. Muka gwada da CSM, saitin da ke barin madabod ya tashi da tsohon tsari, a kunne, muka gwada a kashe, tunda saɓani tsakanin tsohon tsarin tashi da sabon tsarin UEFI kan hana wasu katunan nuna hoto. Bayan kowane canji sai an kashe, a cire ƙaramin, a saka babban, a kunna. Aiki ne mai cin rai, amma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ta tashi ba za ka san me ya tashe ta ba.

Daga ƙarshe muka sabunta BIOS ɗin zuwa na baya-bayan nan, a kan inbata, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki madabod ɗin kansa na iya zama gawa. Ba abin da ya canza.

Akwai wata matsala sananniya da muka yi la'akari da ita muka ajiye. A 2018 Nvidia ta fitar da manhajar gyara ga wasu tsofaffin katunanta da ke ba da baƙin allo a monita masu DisplayPort 1.3 da 1.4 har sai Windows ta gama tashi. Alamar irin wannan ita ce hoto na dawowa da zarar an shiga Windows, kuma HDMI na aiki lafiya. Namu ba ya dawowa, kuma HDMI ɗin ma shiru.

Musaya ta ɓangare biyu

Wanda ƙwan fitilarsa ya ƙi kamawa, abu biyu zai yi kafin ya san gaskiya: ya kai ƙwan wani soket, ya kuma kawo wani ƙwan wannan soket. Ɗaya kaɗai ba ta isa. Tsohon ƙaramin katin bai cika wannan sharaɗi ba, saboda ba ya jan wuta ta waya kuma ba ya amfani da dukkan layukan ramin. Muka ɗauko wani katinmu mai ƙarfi daidai da sabon, mai fin takwas shi ma, muka saka a madabod ɗin mutumin da fawa fak ɗinmu. Tambari ya fito, Windows ta tashi, muka ɗora masa FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki don gwaji, ya yi ta gudu ba ko gezau. Madabod, rami, furosesa, RAM da monita duk sun fita daga zargi.

Sannan muka kai sabon katin kwamfutarmu ta gwaji, wadda da gangan ta bambanta da tasa ta kowace fuska: furosesa AMD Ryzen 5 5600G, wani madabod, wani fawa fak, wata monita. Ramin kuma da wannan furosesar a Gen 3 yake gudu tun asali. Da wayar monita a jikin katin, baƙin allo, fitilar VGA a tsaye, kamar dai a can.

Amfanin 5600G shi ne tana da girafik a cikinta. Muka mayar da wayar bakin madabod, muka saita BIOS ya fara da girafik ɗin furosesa, muka bar sabon katin a raminsa da wutarsa. Yanzu muna ganin Windows, muna kuma iya tambayarta me take gani. A Device Manager katin ya bayyana da sunan Microsoft Basic Display Adapter, wato ramin ya ji shi, ba matacce ne ɗungurungum ba. Muka shiga Safe Mode muka share duk wani tsohon direba da DDU, manhajar goge direbobin kati, muka saka sabo daga shafin masu katin. Da aka sake tashi sunansa na gaskiya ya fito, amma da alamar ruwan ɗorawa a gefe, da Code 43, saƙon da Windows ke bayarwa idan ta dakatar da na'ura saboda na'urar ta kai ƙarar kanta. Muka gwada tsohon direba, haka. Muka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati: sunan guntun daidai, ba ta yi masa tambarin jabu ba, amma a gurbin girman ƙwaƙwalwa, inda ya kamata a ga 12288 MB, sifili ne, gudun agogonsa ma sifili.

Code 43 shi kaɗai ba ya kashe kati, direba mara kyau ma na kawo shi. Amma idan ka haɗa shi da rashin hoto tun kafin Windows, a kwamfuta biyu mabambanta, da fawa fak biyu masu lafiya, ga kuma wani kati na aiki a ramin da wannan ya ƙi, to magana ta ƙare. Guntun na amsa sunansa amma ya kasa tayar da ƙwaƙwalwarsa. Irin haka na zuwa ne daga guntun ƙwaƙwalwa da ya mutu, ko dalmar da ba ta kama ba a ƙarƙashinsa, ko layin wutar da ke ciyar da ƙwaƙwalwar, ko manhajar cikin katin da ta lalace. Kowanne daga ciki, a cikin katin yake, kuma ba abin da mai saye zai gyara da saiti ba ne.

Sabo ne da gaske?

Dole a yi wannan tambaya a kasuwarmu. Tun da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa (mining) da katunan girafik a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, wasu aka wanke su aka sake musu kwali da leda. Muka duba da gilashin ƙara girma. Haƙoran zinaren ba su da zanen shiga da fita sai ɗan abin da muka yi. Babu ƙura a can cikin ƙarafen sanyaya, inda buroshi ba ya kaiwa. Kan sukurorin bai ci ba, takardar garanti da ke kan ɗaya daga cikinsu ba a huda ta ba. Lambar jikin katin ta yi daidai da ta kwali. Muka shinshina, babu ƙauri, muka auna bakin fin takwas da mita, layin 12V bai haɗu da na ƙasa (ground) ba, wato babu shot. Wannan na ƙarshen ya yi mana amfani daga baya. Duk alamu sun nuna sabo ne, da ciwonsa ya fito daga masana'anta ko ya gamu da shi a hanya. Yakan faru, ko a kamfanin da ya fi kowa suna.

Abin da muka ƙi yi

Mai katin ya matsu, aiki na jiransa. Ya ce: "Oga, ba za a buɗe a duba ba? Ko a yi masa filashin?" Muka ce a'a, kuma ina ganin wannan ne mafi amfanin abin da muka yi masa. Da zarar an huda takardar kan sukurun nan, mai shago ya sami abin faɗa. Sake rubuta manhajar cikin kati ma haka, ko ta yi ko ba ta yi ba, an taɓa. Gashi da bulowa kuwa, wanda wasu ke yi wa kowane kati, yakan sa mataccen ya farfaɗo na ɗan lokaci saboda zafi ya motsa dalmar, sai ya sake mutuwa bayan garanti ya tafi, ga robobin da suka narke suna shaida a kanka. Waɗannan dabaru ne na tsohon katin da ba shi da inda za a mayar da shi. Sabon da aka biya kuɗinsa cif, ga rasit, gyaransa shi ne a canza shi.

Komawa wurin mai shago

Mun san abin da zai fara ji: wutarku ce ta ƙona shi, ko janareto, ko ba ku iya sakawa ba. Ba lallai mugunta ba ce, mai shago ma ya sha ganin waɗanda suka ƙona kaya da hannunsu suka dawo suna rantsuwa. Saboda haka muka shirya masa abin da zai nuna maimakon abin da zai faɗa. Muka ɗauki bidiyo ɗaya ba yankewa: lambar katin kusa da ta kwali, takardar garanti lafiya, saka katin, kunnawa, fitilar VGA, sannan cire shi, saka namu a rami ɗaya, hoto ya fito. Muka ɗauki hoton Code 43 da na GPU-Z. Muka rubuta a takarda ɗaya abin da aka gwada da sakamakonsa, har da maganar jonar Molex ɗin, ba mu ɓoye ta ba, tare da awon da ya nuna wutar na cikin ƙa'ida kuma bakin katin bai ƙone ba. Ɓoye ta ba zai yi amfani ba, tunda a shagon aka ba shi ita.

A ƙasan rasit ɗin an buga cewa ba a mayar da kaya bayan an fita da su. Na ce masa kada wannan ya karya masa gwiwa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da lahani, kuma rubutun ƙasan rasit ba ya soke ta. A fiƙihun ciniki ma da 'yan kasuwarmu suka sani, wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibin da ya riga cinikin yana da zaɓin mayarwa. Amma na ba shi shawara kada ya fara da doka, ya fara da sallama da bidiyo, ya kuma nemi a gwada katin a kwamfutar shagon a gaban kowa.

Haka aka yi. Mai shagon ya fara da maganar wuta kamar yadda muka zata, ya kalli bidiyon, ya sa yaronsa ya saka katin a tasu. Da allon ya ƙi kawo komai sai ya ce: "To, Malam, gani ya kori ji. Ka bar shi, zan mayar wa waɗanda suka kawo mini." Bai da irinsa a ƙasa a ranar, sai da wani ya iso daga Legas, kuma wannan karon a shagon aka farke ledar aka kunna shi kafin ya bar wurin.

Ya kawo mana sabon tare da fawa fak mai 650W na kirki, wanda layinsa na 12V ke ɗaukar kusan dukkan abin da aka rubuta a jiki, da wayar kati ta asali. Muka share direbobi da DDU, muka saka sabo, muka mayar da gudun ramin Auto, muka kashe CSM. GPU-Z ta nuna 12288 MB, ramin na gudu a x16 Gen 4. Muka bar shi a FurMark, sannan gwajin ƙwaƙwalwar kati na OCCT, babu kuskure ko ɗaya, zafinsa bai kai inda zai rage gudu ba duk da akwatin a rufe yake. Gwajin ƙarshe nasa ne: ya buɗe aikin bikin da ke jiransa ya fitar da shi a 4K har ƙarshe, kwamfutar ba ta ɗauke ba. Tsohon fawa fak ɗin ya koma wata kwamfutar buga takardu da ba ta da katin girafik, jonar Molex ɗin muka yanke ta muka jefar don kada wani ya tsinta, ƙaramin katin kuma muka ce ya adana shi a kwalin sabon, tunda furosesarsa ba ta da girafik kuma da shi kaɗai zai iya shiga BIOS idan irin haka ta sake tasowa.